Yadda ake ɗaukar hoton taurari da wayar salula ko ƙaramar kyamara

A shekarar 2016 wasu masana ƙarƙashin jagorancin Fabio Falchi ɗan ƙasar Italiya sun fitar da taswirar da ke nuna yadda hasken fitilu ke dushe sararin samaniya da dare. Sun gano cewa kashi ɗaya cikin uku na al'ummar duniya ba sa iya ganin farin zanen taurarin nan da ke ratsa sama kamar hayaƙi. A wannan taswira, Cadi da Afirka ta Tsakiya da Madagaska ne ƙasashen da jama'arsu suka fi kowa zama ƙarƙashin sama mai duhu sosai. Ke nan abin da masu sha'awar hoton taurari a Turai ke yin doguwar tafiya domin su samu, yana nan a bayan gida a ƙauyuka da dama na yankin Sahel.

Tushen wannan sana'a shi ne tara haske. Idon mutum ba ya iya tara hasken da ya shige shi na tsawon lokaci, kuma a cikin duhu ba ya rarrabe launi da kyau. Ita kuwa kyamara ana iya barin idonta a buɗe na sakan 20 ko 30, tana ta tattara ɗan hasken da ke isowa har ya zama hoto. Shi ya sa take nuna taurarin da ido bai gani ba.

Sai dai duniya tana juyawa, digiri 15 a kowace awa, don haka taurari suna tafiya daga gabas zuwa yamma. Idan an bar kyamara a buɗe fiye da kima, kowane tauraro sai ya koma ɗan layi. Masu wannan aiki suna da wani lissafi mai sauƙi: a raba 500 da tsawon gilashin kyamara a milimita. Gilashi mai milimita 24 zai ba da kusan sakan 20. Babbar kyamarar yawancin wayoyi tana kusa da wannan, saboda haka sakan 15 zuwa 20 ya wadatar. Ana shiga tsarin da ake kira Pro, a kashe filasha, a sa ISO tsakanin 800 da 3200, a saita hange zuwa nesa mafi nisa. Dole wayar ta tsaya cak, a kan sanda mai ƙafa uku ko a jingine da dutse, kuma a sa ta ta ɗauka bayan sakan biyu ko uku, domin taɓawar yatsa kaɗai tana ɓata hoto.

Wannan juyawa ta duniya ita ce kuma ake amfani da ita wajen hoton sawun taurari, inda sama ke cika da da'irori. Ana fuskantar da kyamara arewa, wajen tauraron Polaris wanda kusan ba ya motsi, a ɗauki hotuna na sakan 30 ɗaya bayan ɗaya. Hotuna 120 suna cin awa guda, kowane tauraro kuma ya ja layi mai lanƙwasa na digiri 15. Daga nan manhajar StarStaX, wadda kyauta ce, ta haɗa su wuri ɗaya. Tsayin Polaris daga ƙasa daidai yake da nisan gari daga tsakiyar duniya: kusan digiri 17 a Agadas, 12 a Njamena, 9 a Garwa, ƙasa da 7 a Kumasi. Dunƙulen hannu idan an miƙe shi yana rufe kusan digiri 10, don haka a yawancin garuruwan nan tauraron yana ƙasa ƙasa, kuma bishiya ko rumbu na iya shiga cikin hoton ya ƙara masa kyau.

Ga mai son gajimaren taurari, wato tarin iska da ƙura inda sababbin taurari ke samuwa, mafi sauƙin farawa shi ne na Oriyon, mai lamba M42. Ana neman taurari uku da suka jeru a layi ɗaya, a kudu da su akwai wani ɗan fari-fari. Haskensa yana ɗaukar shekara fiye da 1,300 kafin ya iso duniya. Ido yana ganinsa toka-toka, amma a hoto yana fitowa ja-ja saboda iskar haidirojin da ke cikinsa. Wanda ya fara ɗaukarsa a hoto shi ne likita Henry Draper a Amurka, ranar 30 ga Satumba 1880. A 1883 Andrew Common, injiniya da ke kallon taurari don sha'awa a gidansa da ke Landan, ya ɗauki hoton da ya nuna taurarin da ido bai iya gani ko da ta cikin na'urar hangen nesan da ya yi aikin da ita. A yau ana ɗaukar gajerun hotuna masu yawa, a ɗora su kan juna da manhajar Siril ko DeepSkyStacker, sai dusar hoton ta ragu, hasken gaskiya ya fito. Kaza da ƴaƴanta, waɗanda ba su da nisa da Oriyon a sama, su ma suna kyau da wannan dabara.

Lokaci yana da muhimmanci. Farin wata yana shafe ƙananan taurari, don haka kwanakin ƙarshen wata da farkonsa sun fi dacewa. Damina tana zuwa da gajimare, hunturu kuma da hazo, wanda mai yawansa ke tasowa daga kwarin Bodele a arewacin Cadi. Makonnin da ke tsakanin ɗaukewar ruwa da saukar hazo, wajen Oktoba zuwa Nuwamba, sukan ba da sama mai tsabta, ko da yake a lokacin Oriyon sai dare ya yi nisa yake hawa. A Janairu yana sama tun bayan sallar isha'i, ga wanda ya dace da daren da babu ƙura. Manhajar Stellarium tana nuna inda kowane tauraro yake. Ido yana bukatar kamar minti 20 kafin ya saba da duhu. A yankunan da ke fama da rashin tsaro, gara a tsaya a rufin soro ko bakin gari, tare da jama'a da sanin mai unguwa.

Wannan duhu ba mai ɗorewa ba ne. Wani bincike da mujallar Science ta buga a 2023 ya nuna cewa daga 2011 zuwa 2022 hasken sama da dare ya riƙa ƙaruwa da kusan kashi 10 cikin 100 a kowace shekara, ko da yake yawancin rahotannin sun fito ne daga Turai da Arewacin Amurka. Garuruwan Sahel suna bukatar lantarki, babu mai musun haka. Abin da masana ke ba da shawara shi ne fitilun titi masu rufi a kai, waɗanda ke zuba haske ƙasa inda mutane ke tafiya, ba sama ba. Irin wannan fitila tana rage ɓarnar wuta, kuma tana barin yaran gari su ci gaba da ganin Kaza da ƴaƴanta.