Kukawa: Ƙaramar Hukumar da Arzikinta Ke Bin Sawun Ruwa

Shekaru ashirin baya, idan ka sayi bandar tarwaɗa a Kano, ko Onica, ko Legas, ka tambayi mai kifi daga ina ta fito, da wuya amsarsa ta wuce kalma ɗaya: Baga. Garin yana bakin Tafkin Chadi, kusan kilomita 200 arewa maso gabas da Maiduguri, a cikin Ƙaramar Hukumar Kukawa ta Jihar Borno. Ƙidayar 2006 ta ba ƙaramar hukumar mutum dubu 200 da 'yan kai, amma wannan lissafi ne na waɗanda aka tarar a gida. Ƙasar da rabin mutanenta ke tashi su bi ruwa duk inda ya nufa ba ta ƙirguwa cikin sauƙi.

Kafin kifi ya yi mata suna, sarauta ce ta yi. Bayan mayaƙan jihadi sun ci Birnin Gazargamu, fadar Borno, a 1808, malamin nan Shehu Muhammadu al-Amin al-Kanemi ne ya tsaya ya tallafi daular Borno, kuma a 1814 ya kafa Kukawa ta zama mazauninsa. Sannu a hankali iko ya bar hannun Mai, wato sarkin Borno na gado, ya koma hannun Shehu. Ɗansa Shehu Umar ya sake gina garin bayan harin daular Wadai na 1846, ya mai da shi birni biyu, kowanne da ganuwarsa: na gabas na Shehu da fadawansa, na yamma na talakawa da fatake, ga fili a tsakani. Nan ayarin raƙuman Fezzan ke sauke kaya, nan fataken Kano ke kawo baƙin rini su koma da kanwa da dawaki. Bayi ma an sayar, da yawa kuwa, kuma tarihin da ya tsallake wannan bai cika ba. Turawan nan Denham da Clapperton sun iso a 1823, Barth a 1851, Nachtigal a 1870 ɗauke da kyautar Sarkin Furusiya.

A 1893 mayaƙin nan Rabeh ya zo ya ƙone garin, ya mai da mazauninsa Dikwa. Da Faransawa suka kashe shi a Kusuri a 1900, Shehu Garbai ya yi ƙoƙarin tayar da Kukawa, amma a 1907 sarauta ta tare a Yerwa, wato Maiduguri, inda take har yau. Aka bar wa Kukawa kushewun Shehunai da tsofaffin kukoki.

To, daga nan sai labari ya koma na ruwa.

Tafkin Chadi ba irin tafkin da ake gani a kalanda ba ne. Shimfiɗe yake kamar faranti, zurfinsa a wurare da yawa bai wuce tsayin mutum ba, don haka ƙarin ruwa kaɗan kan malale kilomitoci, raguwa kaɗan kuma kan fito da fili iya ganinka. Kusan kashi tara cikin goma na ruwansa daga kogunan Shari da Logon yake zuwa, waɗanda ke tasowa daga Jamhuriyar Afirka ta Tsakiya da tsaunukan Kamaru. Abin da kogin Komadugu Yobe ke kawowa daga ɓangarenmu kaɗan ne, kuma ya ƙara kankancewa bayan madatsun Tiga da Challawa a Kano. Saboda nisan tafiyar, ruwan ba ya isowa da damina. Sai an shiga hunturu, lokacin da manomin Katsina ya riga ya zuba gero a rumbu, sannan mutumin Baga ke ganin ruwa yana hawowa gonarsa. Wani abin mamakin shi ne tafkin ba shi da kogin da ke fita daga cikinsa, amma ruwansa bai yi gishiri ba. Ƙasa ce ke tsotse wani kaso ta tafi da gishirin.

A farkon shekarun 1960 faɗinsa ya kai murabba'in kilomita 25,000. Farin 1973 ya raba shi biyu, kwarin arewa da na kudu, wani tudu mai ciyawa ya fito a tsakani daga wajen Baga zuwa gaɓar Chadi. Zuwa tsakiyar shekarun 1980 buɗaɗɗen ruwan da ya rage bai fi kashi ɗaya cikin goma ba. Wannan ne asalin maganar da ake maimaitawa a kowane taro, wai tafkin ya kusa ƙafewa. Maganar tana da gaskiya, amma ta tsufa. Hotunan tauraron ɗan'adam sun nuna cewa tun shekarun 1990 bai ci gaba da raguwa ba, ya ma ɗan farfaɗo, kuma ruwa mai yawa yana kwance ƙarƙashin kainuwa da kacalla inda ido ba ya gani daga sama.

Abin da ba a cika faɗa ba kuma shi ne janyewar ruwan ta zame wa dubban mutane alheri. Ƙasar da ya bari baƙa ce, mai laima, ba ta neman taki. Fili ɗaya kan yi aiki uku a shekara: da ruwa ya hau, masunci ya kafa gura, ko ya jera dumba ya tare hanyar kifi, da ya fara ja da baya, manomi ya bi danshi yana shuka masara da wake, layi bayan layi, da aka girbe, makiyayi ya shigo da shanu. Sau da yawa masuncin da manomin mutum ɗaya ne. Manyan kifayen buɗaɗɗen ruwa irin su giwan ruwa sun yi ƙaranci, amma tarwaɗa da karfasa da bargi, masu jure fadama, suka cika wurin. Hausawan Kabi da Sakkwato da Haɗeja suka yi ta kwarara, suka tarar da Barebari da Shuwa da Buduma masu shanun Kuri, ga Jukunawa, ga 'yan Mali. Hausa ta zama harshen kasuwar Doron Baga. A can, a wancan lokacin, za ka ga banda jere bisa waya, hayaƙi na cin ido, mata na juya kifi, samari na cusa shi a kwali suna ɗaurewa da igiya, manyan motoci na jiran lodi zuwa Tashar Baga ta Maiduguri, daga nan sai kudu. Bin ruwan nan ne ma ya kai wasu 'yan Najeriya har Darak, wadda Kotun Duniya ta tabbatar wa Kamaru a 2002.

Gwamnati kuwa sai ta yi wa tafkin lissafin abin da ba ya motsi. Hukumar Raya Tafkin Chadi ta kashe maƙudan kuɗi wajen haƙa magudanu a Marte da kuma Baga, don a riƙa jawo ruwa zuwa gonakin alkama da shinkafa. Kafin aikin ya kankama, ruwan ya tafi ya bar bakin magudanar a bushe. Talakan da ba shi da komai sai fartanya da kwalekwale ya bi ruwan ya ci. Injin da aka dasa da siminti ya zauna yana tsatsa.

A ganina, abin da ya karya Kukawa ba fari ba ne, hana tafiya ne. A Afrilun 2013 an yi ƙazamar arangama a Baga, gidaje masu ɗimbin yawa suka ƙone. A Janairun 2015 Boko Haram ta ƙwace sansanin rundunar haɗin gwiwa ta ƙasashen yankin, ta yi kisan da har yau ba a daidaita kan adadinsa ba. A ƙarshen 2018 ɓangaren ISWAP ya sake shiga garin. Sojoji sun sha rufe hanya da hana safarar kifi don toshe wa mayaƙa kuɗin shiga, su kuma mayaƙan suka kafa nasu haraji a tsibirai. Masunci ya shiga tsaka mai wuya: ya biya a kira shi ɗan leƙen asiri, ya ƙi biya ya rasa ransa. Tun 2020 gwamnatin Borno ke mai da mutane gida, kuma kasuwa ta ɗan motsa, sai dai an ja musu iyakar da ba za su wuce ba. Ita kuwa laima ba ta san iyaka ba, tana can gaba inda ruwa ya tsaya bana. Manoman da aka kashe a ƙauyen Dumba a Janairun 2025 ita suka bi.

Duk da haka, idan manya suka taru kan tafkin, kamar yadda aka yi a Abuja a 2018, maganar da ta fi tashi ita ce Transaqua, wato haƙa magudana ta kilomita 2,400 don kawo ruwa daga kwarin Kongo. Ko da an samu biliyoyin dalolin, ruwan zai fara ne da shanye gonakin masara da waken da suka ciyar da Kukawa shekara arba'in, kuma ba zai cire nakiya ko ɗaya daga hanyar Monguno zuwa Baga ba.