Tattaki zuwa Qatar: Ɗaya ya kai Doha, ɗaya ya ƙare a kurkukun Iran

Lokacin Gasar Kofin Duniya ta 2022, yawancin magoya baya jirgi suka hau zuwa Qatar. Wasu mutum biyu kuwa suka zaɓi takawa a ƙasa, amma ƙarshen tafiyarsu ya sha bamban.

Abdullah al-Sulmi ɗan Saudiyya ne da ya taɓa zama a Kanada da Ostireliya, ya kuma saba da doguwar tafiyar ƙafa. Ya tashi daga Jidda a watan Satumba, ya keta hamada ta kusan kilomita 1,600 cikin kwana 55 kafin ya isa Doha. Wahalarsa ba ta tafi a banza ba, domin ƙasarsa ta doke Ajantina da ci 2-1.

Shi kuwa Santiago Sánchez, tsohon sojan Sifaniya, tun watan Janairu ya bar yankin Madrid. Ya ratsa Turai da Turkiyya da Iraƙi, ya shiga Iran a watan Oktoba, daidai lokacin da zanga-zanga kan mutuwar Mahsa Amini ta yi ƙamari. An kama shi bayan ya ziyarci kabarinta a garin Saqqez. Iyalansa sun shafe makonni ba su ji ɗuriyarsa ba. Sai a ƙarshen Disamban 2023 aka sake shi, shekara guda bayan Ajantina ta ɗaga kofin.

Mai shirin irin wannan tattaki yakan yi lissafin ruwa da takalmi da zafin rana. Abin da ya sami Sánchez ya nuna cewa dole ya haɗa da halin siyasar kowace ƙasa da zai ratsa.