Asalin Kalmar "Gaule" da Ma'anarta

Kafin zuwan Rumawa, al'ummomin Keltawa ne ke zaune a ƙasar da ake kira Faransa a yau. Yuliyas Kaisar, wanda ya ci su da yaƙi tsakanin shekarar 58 da ta 50 kafin haihuwar Annabi Isa, ya rubuta cewa Celtae suke kiran kansu, Rumawa kuwa suna ce musu Galli, ƙasarsu kuma Gallia. Masana da dama suna danganta Galli da saiwar gal- ta harsunan Keltawa mai nufin ƙarfi ko iyawa. Bayanin da malami Isidore ya yi a ƙarni na 7, wai daga gala ta Girkanci aka samo ta, watau madara, saboda farin fatarsu, hasashe ne da kamancin sauti ya haifar.

Irin wannan kamanci ne ke ruɗar ɗalibi game da Gaule, sunan da Faransawa ke kiran tsohuwar ƙasar da shi. Duk wanda ya ga kalmar sai ya ɗauka 'yar Gallia ce, alhali ƙa'idojin sauyin sauti ba su yarda da haka ba. A Faransanci, gaɓar ga ta Latin takan koma ja, kamar yadda gamba ta zama jambe, ƙafa. Saboda haka Jaille ce magajiyar Gallia ta gaskiya, kuma tana nan a sunan ƙauyen La Jaille-Yvon. Harafin g na Gaule kuwa daga w na harsunan Jamusawan dā ya fito, kamar yadda werra ta zama guerre, yaƙi.

Tushen Gaule ke nan shi ne walha, kalmar da Jamusawa suka aro daga sunan wata ƙabilar Keltawa maƙwabciyarsu, Volcae. Da farko wannan ƙabila kaɗai take nufi, daga bisani ta haɗa da duk Keltawa, har ta kai ga duk wanda ke magana da harshen Rumawa, wato baƙon da ba a jin bakinsa. Daga ita aka samo Wallon a Beljiyam, da Walakiya a Romaniya, da Wales a Birtaniya. Mutanen Wales ɗin su kansu ba su ɗauki sunan a harshensu ba. Cymry suke kiran kansu, ma'ana 'yan ƙasa ɗaya.