Tsakanin "Orijina" da "Baljiyam": Yadda Jabun Kayan Gyaran Mota Ke Cinye Gumin Manoman Kura da Bunkure

Duk wanda ya saba bin hanyar Kano zuwa Zariya tsakanin watan Janairu da Maris ya san yadda yankin Kura da Kadawa da Kwanar Gafan yake komawa a wannan lokaci. Kwandunan tumatir jere a bakin titi iyakar ganin ido, dillalai suna ciniki, 'yan dako suna lodi, motoci ƙirar J5 da Kanta da manyan tireloli suna jiran layi domin su kama hanyar Kudu. Amma akwai wani abu na biyu da matafiyi kan gani a wannan hanya, wanda ido ya saba da shi har ya daina lura, wato motar da ta lalace a gefen titi, an tokare ta da dutse, an zuba ganye a bayanta domin gargaɗi, karen mota yana zaune a kan kaya cikin rana, direba kuwa ya hau acaɓa ya tafi neman makaniki. A ƙarƙashin motar, ruwan tumatir ya fara ɗiga.

Ni ma na daɗe ina wuce irin waɗannan motoci ba tare da na waiwaya ba, sai da abin ya zo gida. A ranin da ya gabata, wani ƙanena da ke noman rani a ƙasar Bunkure ya haɗa kuɗi da maƙwabtansa biyu suka yi lodin mota guda. Direban yaro ne mai kula, domin kwana uku kafin tafiyar ya kai motar gareji aka canja masa boris na ƙafar gaba, sabo fil a cikin kwalinsa, da sunan wani sanannen kamfani a jiki. Ko Kaduna ba su kai ba boris ɗin ya yi zafi ya tarwatse. Allah ya tsare rayuka, amma kafin a samo wani a ɗaura an kwana biyu a hanya, kuma mai karatu ya san abin da kwana biyu cikin rana ke yi wa tumatir. Abin da aka sayar bai mayar da kuɗin mota da na kwanduna ba, balle na taki da iri da fetur ɗin injin ban-ruwa.

Da direban ya dawo, na ce ya zo mu je shagon tare, ina ganin ko furfurar da ta fara fito mini za ta yi amfani. Mai shagon ya tarbe mu da mutunci, ya sa aka ba mu kujera da ruwa. Da ya gama jin bayani sai ya juya ragowar boris ɗin a hannunsa ya ce, "Malam, ai kaya in ya fita ba ya dawowa. Wa ya sani ko makanikinku ne ya ɗaure shi da yawa, ko bai sa giris ba?" Na ce, "To Alhaji, amma kai ka ce masa orijina ne." Ya yi murmushi ya ce, "Ai orijina iri-iri ne, Malam. Wanda kuɗinsa ya kai shi na ba shi." Babu rasit, babu shaida sai yaron makaniki da aka aika tare da direban. Muka yi sallama muka fito.

Wannan jimla ta Alhaji ce ta sa na ɗauki alƙalami, domin sana'ata nazarin harshe ce, kuma na daɗe ban ji jimlar da ta tattara matsala guda cikin kalmomi uku kamar "orijina iri-iri ne" ba.

Kafin mu je ga kalmomin, ya kamata a tuna dalilin da ya sa mota ta zama jijiyar wannan yanki. Tun da aka kammala madatsar ruwa ta Tiga a 1974, a zamanin Gwamna Audu Bako, ruwanta yake gangarowa ta magudanai zuwa gonakin Kura da Bunkure da Garun Malam, ƙarƙashin shirin noman rani na Kogin Kano da Hukumar Raya Kogunan Hadeja da Jama'are take kula da shi. An tsara kashin farko na shirin ya shayar da kimanin hekta 22,000. Shinkafa da alkama da masara suna iya jira a cikin buhu. Tumatir ba ya jiran kowa, kuma babbar kasuwarsa tana can Mile 12 a Legas, tafiyar da ta kai kilomita dubu. Saboda haka ƙarfen da bai kai tafin hannu ba, wanda ke juyawa a cikin ƙafar mota, shi yake yanke hukunci a kan wahalar wata uku ta manomi. Haka nan abin yake ga fulogin injin ban-ruwa, da fambel ɗin tarakta a lokacin huɗa.

Iyayenmu da suka sayi Peugeot 504 daga kamfanin PAN na Kaduna, wanda ya fara haɗa motoci a 1975, ba su san wannan ruɗani ba. A wancan zamani akwai dila, akwai kantin kamfani, kuma abin da ka saya yana da wanda zai amsa tambaya a kansa. Volkswagen yana Legas, Steyr yana Bauci, a nan Kano ma akwai masana'antar manyan motocin Fiat a kan titin Zariya. Daga 1986, da shirin SAP ya karya darajar naira, sabuwar mota ta gagari ma'aikaci, sai ƙofa ta buɗe wa motocin Kwatano. Masana'antun suka yi ta durƙushewa ɗaya bayan ɗaya, har ta kai Michelin ya rufe masana'antar tayarsa ta Fatakwal a 2007, Dunlop ma ya daina yin taya a Legas a 2008. Tun daga nan kusan duk abin da ke jikin mota a ƙasar nan daga waje yake shigowa, ya bi ta kasuwannin Ladipo da Nnewi da Onica kafin ya iso Ƙofar Ruwa da Sabon Gari, sannan ya gangara zuwa ƙananan shagunan bakin titi na Kura da Ciromawa. A kowane zango ana ƙara riba, kuma a kowane zango ana rage alhaki.

Yanzu sai mu duba kalmomin. A ƙasashen da suka ƙera waɗannan motoci, kayan gyara hawa uku ne. Akwai wanda kamfanin motar ya sa wa tambarinsa. Akwai wanda wani kamfani dabam ya ƙera da sunan kansa, ba tare da ɓoye-ɓoye ba, kuma irin wannan sau da yawa ba shi da aibi ko kaɗan, hasali ma kamfanoni irin su Bosch da Denso da NGK da SKF su ne suke yi wa masu ƙera motocin kansu kaya. Sai na uku, wanda aka yi shi a wata masana'antar da ba ta da suna, aka sa shi a kwalin wani, wannan shi ne jabu na haƙiƙa. Hausar kasuwa ba ta ware wa hawa na biyu kalma ba. Muna da "orijina", muna da "jabu", kuma tun da babu ɗan kasuwar da zai kira kayansa jabu, sai komai ya tattaru ƙarƙashin "orijina", aka shiga yi mata darajoji: na ɗaya, na biyu, mai kyau, mai dama-dama. Kalmar da ake iya yi wa daraja ta biyu kuwa ta riga ta rasa ma'anarta ta asali.

"Taiwan" ma tana da nata labarin. A shekarun 1980 'yan kasuwar Nnewi suka riƙa kai samfurin kaya can ana kwaikwaya musu da araha, sai sunan tsibirin ya zama laƙabin duk wani abu marar ƙarko. Yau Taiwan ce kan gaba a duniya wajen ƙera 'yan mitsi-mitsin ƙwaƙwalwar kwamfuta da wayar hannu, amma a bakin tsofaffin makanikai har gobe kalmar zagi ce, ko da yake "Chana" ta karɓe mata mafi yawan aikin. Wadda ta fi ba ni mamaki ita ce "Baljiyam". Asalinta tashar jiragen ruwa ta Antwerp, inda ake lodin tsofaffin motoci zuwa Kwatano, amma a yau tana nufin duk wani ƙarfe da aka ciro daga jikin matacciyar mota a waje, ko daga Japan ya fito ko daga Dubai. Kuma ga abin kunya: direban da ya san abin da yake yi ya fi yarda da Baljiyam a kan sabo. Tsohon ƙarfen da ya yi shekara goma yana aiki a Turai ya fi sabon da ke cikin leda daraja, wani lokaci har ya fi shi tsada. Ban san wata sana'a da kalmar "sabo" ta zama abin tsoro kamar wannan ba.

Masanin tattalin arziki George Akerlof, wanda ya sami kyautar Nobel a 2001, ya yi bayanin irin wannan yanayi tun 1970, kuma da kasuwar tsofaffin motoci ya buga misali. Idan mai saye ba ya iya bambance mai kyau da marar kyau, ba zai yarda ya biya kuɗin mai kyau ba, daga nan sai mai sayar da nagari ya kasa ciniki, ya bar kasuwar ko ya bi sahu. Jabun boris da na gaske a ido ɗaya suke. Bambancin yana cikin yadda aka gasa ƙarfen, kuma ba ya bayyana sai mota ta ɗauki nauyi ta yi zafi. Jabun birki yana kamawa lafiya lau a cikin gari, sai an zo gangara da lodi ya yi zafi ya saki. Jabun filtar mai tana barin datti ya wuce, kuma sai bayan watanni inji ya fara shan baƙin mai, lokacin da babu mai tuna wace filta aka ɗaura.

Adalci ya sa a faɗi cewa mai shagon Kura ko na birni shi ma a hannun wani yake. Wanda ya sayar masa a Legas bai ba shi garanti ba, kuma wanda ya shigo da kayan daga Guangzhou shi ya zaɓi farashin da yake so aka yi masa kaya daidai kuɗinsa. Dalar da ake canjawa kimanin naira 460 a hukumance a farkon 2023 ta haura 1,500 a 2024, bayan an janye tallafin fetur an kuma saki naira, saboda haka abin da direba yake iya saye ya ragu sosai. Mu ma masu saye muna da namu laifin, domin kalmar farko da kan fito daga bakinmu ita ce "ba mai sauƙi?", alhali tun kaka da kakanni an ce araha ba ta ado. Sai kuma makaniki, wanda a wasu garejin yake da kamasho a shagon da yake tura yaronsa, ta yadda zaɓinsa ya dogara ga aljihunsa. An ce kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi; a wannan harka kuwa, ba da wasa ba, Kura ce take shan bugun.

Duk da haka, uzurin ɗan kasuwa bai halatta maganar "kaya in ya fita ba ya dawowa" ba. Dokar kare haƙƙin masu saye ta tarayya, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a farkon 2019, wadda kuma ta kafa hukumar FCCPC, ta bai wa mai saye damar mayar da kaya mai aibi a gyara masa, ko a canja masa, ko a mayar masa da kuɗinsa, kuma hukumar ta sha nanata cewa rubuta "ba a mayar da kuɗi" a ƙasan rasit ba ya soke wannan haƙƙi. Jihar Kano tana da tata hukumar kare masu saye. Hukumar SON kuwa tun 2005 take da tsarin SONCAP na tantance kaya kafin su shigo ƙasa. Tun kafin duk waɗannan, duk almajirin da ya karanta babin ciniki a Risala ya san cewa a mazhabar Malikiyya wanda ya sayi abu ya tarar da aibin da aka ɓoye masa yana da zaɓin mayarwa. Ke nan wannan magana ta 'yan kasuwa ba ta da gindi a dokar boko, ba ta da shi a fiƙihu. Al'ada ce kawai da ta samu wurin zama saboda mai saye ba shi da takarda a hannu, ba shi da lokacin zirga-zirga, kuma ana saurin rufe masa baki da cewa ƙaddara ce.

A ganina, gyaran da zai fi saurin tasiri ba sai an jira Abuja ba. Direbobin da ke lodi a Kwanar Gafan suna da ƙungiya, makanikai suna da tasu ta NATA, manoman kowane sashe na shirin noman rani suna da ƙungiyoyin masu amfani da ruwa. Idan waɗannan suka amince cewa ba za su sayi boris ko birki ko tayarod ba sai a shagon da zai rubuta rasit, da sunan kamfanin da ya ƙera kayan, da adadin kwanakin da za a iya dawo da shi, cikin Hausar boko ko ajami yadda direba zai iya karantawa, to shago biyu ko uku da suka yarda za su kwashe cinikin kakar tumatir gaba ɗaya, sauran kuma za su biyo baya da kansu. Wanda ya sayar da kayan kamfani mai matsakaicin suna ya faɗi sunan kamfanin, ya fi mana wanda ya rantse da orijina. Akwai ma abin da direba zai iya dubawa da idonsa a yau: kowace taya tana ɗauke da lambobi huɗu a gefenta, biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara, wato 2319 na nufin mako na 23 na shekarar 2019. Na gwada tambayar direbobi biyar a tashar Kura, ɗaya ne kawai ya san wannan.

Direban ƙanena dai ya sayi Baljiyam ya ɗaura, kuma har yanzu shi ne a ƙafar motar. Kuɗin tumatir ɗin da ya lalace an raba asararsa uku a gaban mai unguwa, direban ya yafe rabin kuɗin motarsa. Ƙanena ya ce bana shinkafa zai shuka a gonar.