Idan Ranar Allurar Rage Ƙiba ta Wuce: Darasi Daga Siton Dawanau

Kasuwar Dawanau, wadda ke kan hanyar Katsina cikin Ƙaramar Hukumar Dawakin Tofa, ta shahara a Afirka ta Yamma wajen cinikin hatsi. Mai sarin wake ko riɗi a can ba mazaunin wuri ɗaya ba ne: yau yana kasuwannin ƙauye, gobe ya doshi Maraɗi. To, a ƙaddara likita ya ɗora irin wannan mutum kan allurar rage ƙiba da ake yi sau ɗaya a mako, kowace Lahadi. Sai tafiya ta kama shi, allurar tana gida cikin firji, bai dawo ba sai Laraba. Shin zai yi ta nan take ne, ko zai jira wata Lahadin, ko kuwa zai haɗa biyu don ramuwa? Amsar tana cikin wani lissafi da kowane ɗalibin sakandare zai iya yi.

Yadda Allurar ke Aiki

Duk lokacin da mutum ya ci abinci, hanjinsa kan fitar da wani sinadari mai suna GLP-1. Shi ne ke shaida wa ƙwaƙwalwa an ƙoshi, ya rage saurin fitar abinci daga tumbi, ya kuma taimaka wajen sakin insulin. Sai dai cikin kamar minti 2 rabinsa ya lalace. Masana a kamfanin Novo Nordisk na ƙasar Denmak sun ƙirƙiro makamancinsa, wato samagulutayid, wanda ke maƙale wa wani furotin na jini da ake kira albumin, saboda haka sai ya kwana 7 kafin rabinsa ya bar jiki. Hukumar kula da magunguna ta Amurka ta amince da shi da sunan Ozempic a 2017 don masu ciwon sukari, sannan da sunan Wegovy a 2021 don masu matsananciyar ƙiba.

Lissafin Sito

A ɗauka jiki sito ne da ake sauke wa buhu 100 kowace Lahadi, kuma kullum ana ciniki, ta yadda rabin abin da ke ciki ke fita a mako guda. Makon farko za a bar 50, a ƙara 100 su zama 150. Su ragu zuwa 75, su koma 175. Sannu a hankali lissafin zai daidaita: kusan 200 ranar sauke kaya, kusan 100 a ƙarshen mako. Haka maganin ke daidaita cikin jini bayan mako 4 zuwa 5.

Idan mota ba ta zo ranar Lahadi ba, sito bai zama wayam ba, domin akwai buhu 100 a ciki. Idan ta iso Laraba, sannan wata ta zo Lahadi, jimilla za ta kai kusan 217. Idan sai Asabar ta iso, wata ta biyo ta washegari, kusan 240 ke nan. In kuwa aka jira Lahadi aka sauke 200 a kan 50 ɗin da suka rage, an sami 250, adadin da siton bai taɓa ɗauka ba. A jikin mutum, wannan rarar ita ke jawo tashin zuciya da amai da gudawa, har ƙarancin ruwa ya kai ga taɓa ƙoda. Garin neman gira, an rasa ido.

Abin da ya Kamata a Yi

Daga nan aka samo ƙa'idar da ke cikin takardar maganin. In ba a wuce kwana 5 da ranar allura ba, a yi ta da zarar an tuna, sannan a ci gaba a ranar da aka saba. In an wuce, a bar ta, a jira ranar ta zagayo. Ke nan ɗan kasuwar nan zai yi tasa ranar Laraba, kuma yana da dama har Juma'a. Ga mai amfani da Mounjaro, na kamfanin Eli Lilly, iyakar kwana 4 ce, domin rabinsa na fita cikin kamar kwana 5. Ko ta halin ƙaƙa ba a haɗa biyu.

Wanda ya tsallake allura biyu ko fiye a jere, sai ya koma ga likita. Ana fara Wegovy ne da miligiram 0.25, a riƙa ƙarawa duk mako 4 har zuwa 2.4, don ciki ya saba. Bayan mako 5 babu allura, abin da ya rage a sito kusan buhu 6 ne kacal cikin 200, kuma sabon da ciki ya yi ya gushe. Mai yiwuwa likita ya mayar da shi matakin farko.

Kada kuma gaggawar cike gurbi ta sa a sayi allura a hannun ɗan tireda. A watan Yunin 2024 Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗi kan jabun Ozempic da aka kama a Barazil da Birtaniya da Amurka. Mai shirin tafiya ya ɗauki tasa cikin kular da ke riƙe sanyi, ba tare da ta daskare ba, domin zafin da ya haura digiri 30 na ɓata ta, bazarar Kano kuwa takan kai 40. Ya kuma sa wayarsa ta tuna masa ranar, kamar yadda ba ya manta ranar da motar kayansa za ta iso.