Murhun Zubin Baffana

Bara, bayan damina ta ɗauke, katangar bayan gidanmu a Gure ta zube. Muna cikin kwashe ƙasar sai shebur ya ci karo da ƙarfe. Rabin tano ne, wato duron mai, binne cikin rairayi har wuya, an yaɓe cikinsa da laka mai kaurin yatsu huɗu, ga wani bututu ya shiga ta gefensa daga ƙasa. Ƙanena ya ce tanderun burodi ne. Ni kuwa ina ganin bututun nan sai warin gawayin ƙuruciya ya dawo mini. Murhun zubin baffana ne, Allah ya jiƙansa, wanda ya yi shekaru yana narka gorar ruwa, wato alminiyon, yana zuba ludayi da ƙananan tukwane kafin ido ya hana shi.

Ni malamin makaranta ne mai ritaya, alli na sani, ban taɓa riƙe awartaki ba. Amma na kasa barin murhun nan ya koma ƙarƙashin ƙasa. Na nemi wani dattijo da ya yi zamani da baffa, wanda yanzu ya bar wa ƴaƴansa aikin. Na ce, "Baba, ku zo ku duba mini, ko zai tashi." Ya zo da la'asar, ya durƙusa, ya zura hannu ciki har gwiwar hannu. Ya daɗe bai ce uffan ba. Can ya kira ni da laƙabin malamin makaranta, ya ce, "Mushe, kada ka sa masa wuta tukuna. Bari mu ji abin da ya ci."

A ranar na gane cewa tsohon murhu ana karanta shi ne kamar allo. Faɗin bakinsa taki ɗaya da rabi, ke nan tukunyar narkin da ake sa masa ba ta wuce ta ƴan kilo kaɗan ba. Bututun iska bai nufi tsakiya ba, ya karkata gefe, don wuta ta riƙa kewaya tukunya maimakon ta huda ta wuri guda. Sannan Baba ya kankaro abin da ya daskare a gindi ya zuba mini a tafi. Toka-toka ne, ba nauyi, yana marmashewa. Wannan kashin gorar ruwa ne, dattin da ke tasowa saman narkakke. Amma daura da bakin bututu lakar ta narke ta yi santsi, tana ƙyalli kamar fasasshiyar kwalba, kuma a cikinta akwai ɗigo-ɗigo masu ruwan ɗorawa da tsatsa kore ta rufe. Ya goge ɗaya da gefen riga ya ce, "Baffanka ya taɓa tagulla."

Dalilin a bayyane yake. Gorar ruwa tana narkewa a digiri 660 na ma'aunin Salshiyos. Tagulla sai an haura 900, jan ƙarfe zalla kuwa sai 1,085. Murhun da aka saba zugawa don tagulla dole jikinsa ya nuna. Ban taɓa sanin baffa da wannan aikin ba, sai ga bangon laka ya ba ni labari bayan shekaru. Kuma ba baƙon abu ba ne a ƙasarmu. A ƙarni na 19, zamanin Sarkin Damagaram Tanimu, har igwa ake zubawa a birnin Zinder, wanda ke yamma da mu da tafiyar fiye da kilomita 160. Maƙeran fari sun daɗe suna zuba munduwa da kayan doki, yayin da maƙeran baƙi ke kan fartanya da gatari. Zubin gorar ruwa shi ne ɗan auta. Masu bin diddigin tarihinsa sun kai shi Dakar, bayan Yaƙin Duniya na Biyu, daga can ƴan ci-rani suka bazu da shi Afirka ta Yamma. Wanda ya taɓa shiga kasuwar Katako a Yamai ya ga inda ya kai. Sana'a ce da ba sai an gada ba, shi ya sa baffa, ɗan manoma, ya koyo ta a yawon ci-rani.

Abu na ƙarshe da Baba ya nema shi ne dalma, kuma nan ne fuskarsa ta canza. Ya sa muka tankaɗe tokar gindi kaf, duk dunƙulen da ya fi girmansa nauyi sai ya karce shi da farce, ya goga a takarda. Dalma tana da taushi, tana barin zane kamar fensir. Alhamdu lillahi ba mu samu ba. Ya ce da mun samu, da yaɓen gaba ɗaya za a fasa a binne nesa da gida da rijiya. Ban ga wuce gona da iri a maganarsa ba. A 2010 gubar dalma daga duwatsun zinariya ta kashe yara fiye da 400 a ƙauyukan Zamfara. Kuma gwaje-gwajen da aka yi wa tukwanen zubi a ƙasashe da dama sun nuna wasunsu na sakin dalma cikin abinci, saboda tarkacen da aka narka ba a tsince shi ba. Tun a ranar na yanke wa kaina hukunci: ni mai sha'awa ne, ba zan zuba abin da za a dafa abinci ko a ci da shi ba.

Gyaran ya fara da ƙwanƙwasa. Baba ya bi bango da ƙotar awartaki, inda ya ji sauti holoƙo sai a ɓamɓare. Kusan sulusin yaɓen ya tafi. Na kawo shawarar siminti, ya girgiza kai. Siminti ruwa ne ke riƙe shi, wuta na korar ruwan sai ya tsage ya zube. Sai na tafi wani kwari da ke kusa, inda dabino yake, na ɗebo laka mai kyan gani a buhu. Ya ɗan tsinci kaɗan ya ɗora a harshe, ya tofar. "Wannan da kanwa, ɗana." Wanda ya san yankinmu na Muniyo ya san kwarurrukanmu da kanwa suke. Abin da ban sani ba shi ne kanwa tana sa laka ta narke da wuri. Irin sinadarin da ke cikinta ne masu yin gilashi ke haɗawa da yashi don ya narke. Wato da na yaɓa ta, da bakin bututu ya zama ruwa tun a wutar farko. Abin da littafi ke kira kimiyya, dattijon nan a harshe ya auna shi.

Ƙasar suri muka koma wa. Muka daka ta, muka tankaɗe, muka haɗa da dakakken tsingaro da ƙaiƙayin gero. Awon Baba shi ne kwano biyu na ƙasa, ɗaya na tsingaro, tafi biyu na ƙaiƙayi. Tsingaro ya riga ya sha wuta, ba ya ƙara tsukewa, don haka yana hana tsagewa. Ƙaiƙayi kuma yana ƙonewa ya bar ƙananan ramuka da ke tsare zafi a ciki. Ruwa kaɗan ake sa wa, ba kwaɓin gini ba, a riƙa dannawa da guntun taɓarya.

Sai jira. Mako biyu a inuwa, hunturu na busawa, daga nan wutar kara mai sanyi kwana uku a jere. A nan na yi kuskuren da har yau yake damuna. Murfin da na yi daga baya bai kai kwana biyar ba na ɗora shi kan wuta mai ƙarfi. Ya fashe da ƙara kamar bindiga, wani ɓallin ya wuce dab da jikana da ke tsaye bakin zaure. Ruwa in ya koma tururi yana kumbura kusan ninki 1,700, in bai sami hanya ba sai ya yi wa kansa. Haka yake ga tarkace mai laima, da ludayin kwashe datti, da ƙasar da ake tsayawa a kai. Tun daga nan komai sai ya sha ɗumi a bakin murhu kafin ya kusanci narkakke, ba na zuwa da silifa, kuma yara ba sa ƙetare zaure ranar da aka hura.

Zuga-zugin fata na baffa ya daɗe da zama abincin gara. Muka haɗa irin na yanzu, wilin keke da igiyar roba tana juya ƙaramar fanka. Tukunyar narki kuwa guntun bututun ƙarfe ne mai kauri da aka yi wa waldar gindi. Narkakkiyar gorar ruwa tana cin baƙin ƙarfe a hankali, shi ya sa kafin kowace wuta nake ɗaga ta saitin rana in duba ko haske ya ratsa.

Wajen tarkace, fistan da kan injin mota sun fi, don dama can zuba su aka yi, ruwansu na gudu cikin rairayi. Gwangwanin lemo datti ya fi yawa. Abin da ya yi rashin nauyi fiye da kima sai a karce a ɗiga masa ruwan tsami na binega. In ya yi kumfa to maganiziyom ne, wanda ke kamawa da farar wuta da ruwa ba ya kashewa. Batir ko kusa. Rairayin zubi ma, duk da tuddan yashin da suka kewaye Gure, sai an haɗa shi da tankaɗaɗɗiyar laka. A damƙa a hannu, in ya riƙe zanen yatsu kuma ya karye biyu ba ya rugujewa, ya yi.

Gawayin ƙirya da maƙera ke so ya yi wuya a wajenmu, kuma wanda ya ga yadda yashi ke cin gonakinmu ba zai ƙona itace don nishaɗi kullum ba. Sau ɗaya a wata nake hurawa, sai na tara abin zubawa.

Zubin farko ɗan gargaren fankar zugar ne, don tsohon ya tsage. Ƙanena na juya wili, ni da Baba muna kallon fistan biyu suna sulalewa, saman ya yi kamar madubi. Na kwashe datti, na ɗaga da awartaki, hannuna na rawa, na tsiyaye cikin ramin akwatin rairayi ba tare da yankewa ba kamar yadda Baba ya ce. Bayan mun yi sallar la'asar muka fasa rairayi. Gargaren ya fito cikakke, sai dai gefe ɗaya da ƙananan huji kamar cin gara. Baba ya juya shi a hannu, ya damƙi rairayin ya sansana. "Ruwa ya yi yawa, Mushe. Wata mai zuwa ka shanya shi tun da safe." Gargaren nan ne a jikin fankar har yau.