Haƙƙin Masu Naƙasa: Yadda Ake Shirya Takardun Neman Taimako

Malam manomi, in akwai makaho, ko kurma, ko gurgu a gidanka, ka sani dokar ƙasa ba ta manta da shi ba. Tun 1993 Nijar ta kafa dokar kare masu naƙasa, a 2008 ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya a kan haƙƙinsu, sannan aka yi sabuwar doka a 2019. Doka ta ware musu kashi 5 cikin 100 na guraben aiki, ta kuma tanadi sauƙi wajen magani da karatu.

Sai dai hukuma ba ta aiki da labarin baki. Mutum kan taso daga ƙauye ya biya kuɗin mota zuwa Illela, ko Ƙonni, ko Malbaza, a mayar da shi gida don rashin takarda guda. Ga abin da ya kamata a tanada:

1. Takardar haihuwa. Wanda ba a yi masa ita ba tun yana jariri, sai ya nemi ta kotu, da shaidu. Ofishin magajin gari zai nuna masa hanya. A duba sunan da kyau. In wata takarda ta ce Abdu, wata ta ce Abdullahi, ana iya ɗauka mutum biyu ne.

2. Takardar likita. A gaya wa likita gaskiya, ba ƙari, ba ragi. Cewa "ƙafa na ciwo" bai isa ba. A faɗi aikin da ya gagara: noma ne, ko ɗibar ruwa, ko zuwa kasuwa, kuma tun yaushe. Kunya ba ta da amfani a nan. A tabbata likita ya sa hannu da hatimi.

3. Tsofaffin takardun asibiti. A adana su cikin leda, nesa da gara da ɗigar ɗaki. Su ne shaidar daɗewar ciwo.

Ma'aikacin kamfani kuwa, kamar na siminti a Malbaza, in an yi masa rajista a asusun CNSS, yana iya neman fanshon naƙasa idan ciwo ya hana shi samun fiye da sulusin abin da mai irin aikinsa ke samu. Ya riƙe lambarsa da takardun albashi. In a bakin aiki ya ji rauni, ya sanar da mai kamfani nan take.

Kada a miƙa takardun asali, a ba da kwafinsu, a kuma rubuta ranar da aka kai su. A shiga ƙungiyar masu naƙasa ta gari, domin su ne kan fara jin labarin taimako. In an ƙi buƙata, a tambayi dalili, a gyara, a koma. Hausawa sun ce mai nema yana tare da samu.